Me yake rage fasinjan bas a birane, me kuma yake ƙara tsadar gudanarwa?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Tun ina yaro nake ganin gwamnatoci suna sayo manyan motocin bas, a jera su a fili a yi bikin ƙaddamarwa, amma kafin shekara uku ko huɗu sai ka neme su a titi ka rasa. Wasu suna cewa mutane ne ba sa son hawa, wasu kuma suna cewa tsadar gudanarwa ce take kashe su. Shin a ƙasashen da suka daɗe da wannan harka ma haka abin yake? Idan aka duba shekaru masu yawa, me yake rage fasinja, me kuma yake ƙara tsadar tafiyar da bas?"

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka da kyau, abubuwa uku kake so a haɗa wuri guda: yawan mutanen da suke hawa bas, yawan jigilar da ake yi musu, da kuɗin da jigilar take ci, sannan kana son sanin wanne ne yake jan wanne. Masu ɗora laifin a kan fasinja da masu ɗora shi a kan tsada duk sun faɗi wani ɓangare na gaskiya, sai dai sun kama zancen daga tsakiya. Abin da aikin tsara jigila ya nuna mini shi ne cewa fasinja yana bin tsawon jiran da zai yi da saurin isar da shi, kuɗin gudanarwa kuma yana bin yawan awannin da mota take yi a kan titi, saboda haka duk abin da ya rage wa bas gudu yana korar fasinja yana kuma ƙara kuɗi a lokaci ɗaya. Zan ɗauki Ingila misali, domin tana da ƙididdiga ta shekaru masu yawa, kuma ta gwada tsari biyu mabambanta a lokaci guda, ɗaya a Landan ɗaya a sauran biranenta.

Abin da ya faru a Ingila

Wajen shekarar 1950, ana yin hawa kusan biliyan 16 a shekara a motocin bas da taragun cikin gari a Birtaniya. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 adadin ya faɗo ƙasa da biliyan 6. Babban dalili shi ne mallakar mota ta kai, domin gidan da ya sayi mota ba maigida kaɗai bas take rasawa ba, har da uwargida da yara a tafiye-tafiyen ƙarshen mako. Talabijin ta zaunar da mutane a gida da dare, unguwanni suka yi ta faɗaɗa zuwa bayan gari inda gidaje suke warwatse, kamfanonin bas kuma suka amsa da abin da ya fi musu sauƙi, wato ƙarin kuɗin mota da rage sawu. A wannan zamanin ne aka yi ta sallamar kwandastoci, direba ya koma shi ne mai tuƙi shi ne mai karɓar kuɗi. An samu ragi a albashi, amma ragi ne na sau ɗaya, kuma mota ta koma tana daɗewa a kowace tsayawa yayin da direba yake ƙirga canji.

Gwamnatin Margaret Thatcher ta ga cewa maganin shi ne gasa. Dokar sufuri ta 1985, wadda ta fara aiki ranar 26 ga Oktoba 1986, ta sakar wa kamfanoni mara a ko'ina ban da Landan: duk mai lasisi yana iya buɗe layi, ya sa farashin da ya ga dama, ya canja ko ya janye idan ya ba da sanarwar makonni shida. Ƙananan hukumomi aka bar su da sayen jigilar da 'yan kasuwa ba su ga riba a cikinta ba, kamar ta dare da ta ranar Lahadi da ta ƙauyuka.

Sakamakon yana da ban mamaki ga wanda bai saba da harkar ba. Kuɗin da ake kashewa a kan kowace kilomita ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin uku a cikin shekaru goma, saboda an matse albashin direbobi, an rage ma'aikatan gareji da na ofis, an kuma shigo da ƙananan bas masu arha. Yawan kilomitocin da ake yi ya ƙaru. Duk da haka fasinja ya ci gaba da raguwa, har manyan yankunan birane shida irin su Manchesta da Kudancin Yorkshire suka rasa kusan rabin hawan da suke da shi tsakanin 1986 da jajibirin annobar korona. Ƙarin motocin sun taru ne a manyan tituna inda dama akwai jigila, suna rige-rigen kwasar fasinja ɗaya, jadawali yana canjawa kowane wata, tikitin wannan kamfani ba ya aiki a motar wancan. A garin Darlington a 1994, kamfanin Stagecoach ya zuba motoci yana ɗaukar mutane kyauta har kamfanin ƙaramar hukumar ya durƙushe, hukumar kula da gasa ta ƙasar kuma ta yi Allah wadai da hakan daga baya. Gasar ma ba ta daɗe ba, domin ƙananan kamfanonin sun narke cikin manya guda biyar ko makamancin haka, kowanne da yankinsa. Adalci ne a ce ba dokar kaɗai ta jawo faɗuwar ba, tunda raguwar ta girme ta, kuma a shekarar 1986 ɗin aka rusa majalisun manyan yankunan da suke riƙe da farashi ƙasa, irin ta Kudancin Yorkshire, sai kuɗin mota ya yi tsalle a dare ɗaya.

Landan ta bi wata hanya. Hukuma ce take zana layuka, ita take sa jadawali da farashi, ita take karɓar kuɗin fasinja, kamfanoni masu zaman kansu kuma suna takarar kwangilar tafiyar da kowane layi na wasu shekaru, ana biyansu gwargwadon jigilar da suka yi da yadda suka kiyaye tazara tsakanin mota da mota. Bayan an kafa hukumar Transport for London a 2000 ƙarƙashin magajin gari Ken Livingstone, aka ƙara motoci sosai, aka faɗaɗa layin da bas kaɗai take bi, aka sa harajin shiga tsakiyar birni da mota a Fabrairun 2003, aka kawo katin biyan kuɗin mota mai suna Oyster a shekarar, a 2014 kuma aka daina karɓar tsabar kuɗi a cikin mota gaba ɗaya. Hawa ya tashi daga biliyan 1 da 'yan kai a tsakiyar shekarun 1980 zuwa kusan biliyan 2.4 wajen 2014, har Landan kaɗai ta riƙe kusan rabin hawan bas na Ingila baki ɗaya.

Ba na son a ɗauki wannan a matsayin nasara ta kyauta. Landan tana zuba ɗaruruwan miliyoyin fam a shekara a matsayin tallafi, jama'arta sun ƙaru daga ƙasa da miliyan 7 zuwa wajen miliyan 8 da rabi a wannan tsakanin, gidaje da yawa ba su da mota, wurin ajiye mota kuma yana da tsada. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ya biyo bayan 2014, lokacin da fasinja ya fara raguwa a Landan ɗin kanta alhali tsarin bai canja ba. Gine-ginen tituna, motocin kai kaya gida da motocin haya na manhaja sun cika hanya, gudun bas ya ragu, mutane suka fara janyewa, musamman a tsakiyar birni inda tafiya a ƙasa ta kusa yin daidai da zama a mota. Sannan korona ta zo ta jefa hawan Ingila daga sama da biliyan 4 zuwa kusan biliyan 1.6 a shekarar 2020 zuwa 2021. Gwamnati ta ƙayyade kuɗin hawa a fam 2 daga Janairun 2023 a wajen Landan, ta mai da shi fam 3 a Janairun 2025, Manchesta kuma ƙarƙashin magajin gari Andy Burnham ta koma irin tsarin Landan daga Satumban 2023.

Yadda lissafin yake

Nan ne nake so ka tsaya da ni, domin wanda ya gane wannan lissafin ya gane rabin harkar. A ce akwai layi wanda zuwa da dawowa da ɗan hutun direba suke cin minti 60, kuma ana so mota ta riƙa zuwa kowane minti 10. Mota 6 ake bukata. Idan cunkoso ya ƙaru har zagayen ya koma minti 80, to mai gudanarwa yana da zaɓi biyu kawai. Ko dai ya ƙaro mota 2 da direbobinsu da mansu don ya riƙe tazarar minti 10, wato kuɗinsa ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku ba tare da ya samu ƙarin fasinja ko ɗaya ba, ko kuma ya bar motocin 6 tazara ta koma sama da minti 13. Yawanci na biyun ake zaɓa saboda ba ya bukatar sa hannun kowa, kuma ba a ganinsa a takarda, a bakin titi kawai ake jinsa.

Jiran kuwa yana da nauyi a ran fasinja fiye da zaman cikin mota, kuma masu bincike sun daɗe suna ƙiyasta cewa minti ɗaya na jira yana yi wa mutum kamar minti biyu na tafiya. Haka nan ƙarin farashi yana da cizo biyu. A binciken da aka tattara a Birtaniya, ƙarin kashi 10 cikin 100 yana rage fasinja da kusan kashi 4 a shekarar farko, amma idan aka ba shi shekaru, raguwar tana kusantar kashi 10 ɗin, domin a lokacin mutum ya sayi babur ko mota, ko ya canja wurin aiki, kuma wanda ya sayi abin hawa ba kasafai yake dawowa ba. Shi ya sa ƙarin farashi yake yi wa akanta kyau a rahoton bana, illarsa kuma ta faɗa kan wanda zai gaje shi. Fasinja ya ragu, kuɗin shiga ya ragu, a cire sawun dare da na ƙarshen mako, mai aikin dare ya daina hawa har da safe tunda ba shi da ta dawowa, a sake ƙara farashi. Da haka layi yake mutuwa a hankali ba tare da wani ya yanke shawarar kashe shi ba.

Akwai wani abu da na sha gani idan muka tsaya ƙidayar fasinja a bakin titi da sassafe. Mota ta makara da minti kaɗan, sai ta tarar da taron da ya fi nata, ta daɗe tana lodi, ta ƙara makara, ta bayanta kuma ta tarar da tasha wayam ta wuce da sauri har ta cim mata. Sai ka ga motoci biyu ko uku sun iso tare, ta gaba maƙil mutane a tsaye har bakin ƙofa, ta baya direba da fasinja huɗu, bayan su kuma a yi rabin awa babu komai. A littafin kamfani an yi cikakken sawu, an kuma biya cikakken kuɗi, amma matar da take tsaye da goyo tana duba agogon wayarta rabin jigila ta samu. Gyaran wannan yana hannun mai kula da tazara, da ƙofofi masu faɗi, da biyan kuɗi kafin a shiga, kuma duk sun fi sayen sabuwar mota arha.

Wani nauyin shi ne na safe da yamma. Yawan motocin da kamfani zai mallaka yana bin awa biyu na tafiya aiki da makaranta, alhali da hantsi rabinsu ba su da abin ɗauka. Saboda haka fasinjan da aka samu da tsakar rana kusan riba ce zalla, wanda aka ƙara da ƙarfe bakwai na safe kuma yana iya jawo sayen mota guda. A ƙasashe masu tsadar albashi, kuɗin ma'aikata ya haura rabin kuɗin gudanarwa, kuma tunda mota ɗaya direba ɗaya take bukata yau kamar shekaru 50 da suka wuce, tsadar awa ɗaya ta jigila tana hauhawa tare da albashin ƙasa ko da ba a yi almubazzaranci ba.

Abin da ya shafe mu

Yanzu ga motocin da kake tambaya a kansu. Nijeriya ta sha yin irin wannan saye, daga shirin jigilar jama'a na tarayya na 1988 zuwa motocin da aka raba bayan rikicin tallafin mai na Janairun 2012, da waɗanda jihohi suka sayo bayan cire tallafin a ranar 29 ga Mayu 2023. Bas kamar doki take, sau ɗaya ake biyan kuɗin sayenta amma harawa kullum ce. A wurinmu nauyin ya karkata ne ga man dizal da taya da kayan gyara, waɗanda farashinsu yake bin dala, albashi kuma ƙaramin kaso ne. Idan aka karya kuɗin mota don a sauƙaƙa wa talaka, wanda niyya ce mai kyau, amma ba a rubuta a kasafi wanda zai cike giɓin kowane wata ba, to giɓin daga gareji ake cike shi. Na taɓa aiki da wani kamfanin jigila inda mota ta farko da ta tsaya saboda wani ƙaramin ƙarfe ta zama ma'ajiyar kayan gyara: yau a cire mata batir, gobe a kwance giya, jibi tayoyi, har ta zauna a kan duwatsu. Kowace mota da ta zauna tana tsawaita jira a titi, jiran yana tura mutane ga wani abin hawa, kuma babu asusun da ake tara kuɗin maye gurbin motocin idan sun tsufa.

Bambancinmu da Ingila babba ne a wuri ɗaya. Can mota ta kai ce ta ƙwace fasinja, nan kuwa fasinja yana nan birjik, yana ma ƙaruwa, sai dai yana cikin adaidaita sahu da ƙananan bas da acaɓa inda ba a hana shi ba. A Kano, bayan hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, adaidaita sahu ce ta cike gurbin, kuma tana da abin da babbar bas ba ta da shi: ba a jiranta, tana kuma shiga lungu. Babbar bas da take tsayawa a tasha sai ta cika, sannan ta shiga cunkoso ɗaya da kowa, ba ta da abin da za ta yi gasa da shi sai arha, arhar kuma ita ce take cinye ta. Tsarin balas ma yana da nasa tasiri, domin direban da zai kai wa mai mota ƙayyadadden kuɗi kowace rana dole ya yi lodi ya yi tsere, kamar dai yadda aka gani a biranen Ingila bayan 1986.

Legas ta nuna cewa ana iya juya lissafin. Layin bas mai sauri da ake kira BRT, wanda aka buɗe a Maris 2008 tsakanin Mile 12 da CMS, mai tsawon kusan kilomita 22, ya keɓe wa bas hanyarta a yawancin tafiyar, sai mota ɗaya ta riƙa yin sawu da yawa a rana, mutane kuma suka yi layi suna jiranta saboda ta fi sauri. An tsawaita shi zuwa Ikorodu a 2015. Shi ma ya sha fama da ƙarancin motoci da tsadar mai da dogayen layukan jira, wanda yake nuna cewa keɓe hanya ba ya ɗauke bukatar kuɗin gyara.

Idan gwamnatin jiha ta nemi shawarata, zan ce ta zaɓi titi ɗaya ko biyu mafi cika, ta zuba motocin duka a can har tazara ta sauko ƙasa da minti 10, maimakon ta raba su biyu-biyu ga kowace unguwa don a ce an yi adalci, domin mota biyu a layi ba jigila ba ce da mutum zai dogara da ita ya je aiki. Zan ce ta keɓe musu layi ko da a wuraren da suka fi cunkoso kaɗai, ta biya mai gudanarwa a kan kilomita da kiyaye lokaci, direba ya koma kan albashi, kuɗi kuma ya bi kati ko tikiti don a san abin da ya shigo. Masu adaidaita da 'yan ƙungiyar direbobi a shigo da su tun farko, su riƙa kawo fasinja daga unguwanni zuwa babban layi, wasunsu ma su zama masu hannun jari, saboda abincinsu ake taɓawa kuma suna da ikon hana shirin tafiya. Motoci masu amfani da iskar gas ko lantarki suna rage kuɗin mai, kuma wannan babban abu ne a wurinmu, amma ba sa rage minti ko ɗaya a cunkoso, kuma suna bukatar wurin cikawa da makanikai da suka san su.

Sai dai wannan shawara tana da iyaka. Tsarin Landan yana tsaye ne a kan hukuma mai ma'aikata ƙwararru wadda take biyan 'yan kwangila a kan lokaci, kuma inda biya yake makara wata uku, mai gudanarwa zai koma lodi da tsere ko ya ajiye motoci, komai kyawun takardar kwangilar. Ƙididdigar Ingila kuma hawa take ƙirgawa ba mutane ba, don haka wanda ya canja mota sau ɗaya a hanya an ƙirga shi sau biyu, kuma martanin fasinja ga farashi a birnin da mafi yawan mutane ba su da mota zai bambanta da na can, tunda talaka ba ya daina tafiya aiki, sai dai ya rage cefane ko ya taka a ƙasa. Layin da ya dace da birninku ƙidaya ce kaɗai za ta nuna shi. Kai da kanka kana iya farawa: ka tsaya a tasha ɗaya da safe na tsawon awa guda, ka rubuta lokacin isowar kowace mota da yadda ta cika, sannan idan an sake sanar da sayen sababbin motoci ka nemi sanin nawa aka ware wa mai da kayan gyara a kasafin shekara mai zuwa, da kuma motoci nawa daga cikin na bara suke fita aiki yau.